Shunin Sensei Odagiri

Duk wanda ya san Farfesa Haruo Odagiri a Greensboro da hannunsa ya fara saninsa. Dattijo ne ɗan Japan, gajere, mai tsabta har ta so ta yi yawa, kullum cikin farar riga mai guga, amma yatsunsa shuɗi ne har gindin farce, irin shuɗin da sabulu ya daɗe da sallamawa. Wata mai kanti ta taɓa tambayarsa ko ciwo ne. Ya ce mata a'a, aiki ne, ya ɗauki ledarsa ya fice.

Ba wanda ya san tarihin yatsun nan kamar Dakta Kouloussoum Seydou. 'Yar Zinder ce, ta zo yin digirin ƙarshe a hannunsa, ta gama, ta ƙi tafiya. Kamfanonin magani sun yi ta zawarcinta, ita kuwa ta zauna a ɗan ɗakin gwajinsa na jami'a mai tagogi biyu, tana kiransa Sensei, wato malam da harshensu. Shi kuma bai taɓa gutsure sunanta ba kamar yadda Amurkawa ke yi. Kouloussoum-san yake cewa, da ƙarin "san" na girmamawa irin na Japan, a hankali, gaɓa bayan gaɓa, ko da gobara ake yi.

A Tokushima aka haife shi, a gidan rini. Ubansa marini, kakansa marini. Shi kuwa tun yana ƙarami ba rinin ne ya dame shi ba, tambaya ce ta dame shi: me ya sa ruwan baho kore ne, amma zane na fitowa ya sha iska sai ya koma shuɗi? Uban ya ce wannan tambayar marasa aikin yi ce. Yaron bai ji ba, ya bi tambayarsa har jami'a, ya karanta kimiyyar sinadarai, ɓangaren da ke nazarin abubuwan da tsiro da dabba ke haɗawa a jikinsu, da yadda mutum zai haɗa irinsu da hannunsa. Daga nan wata masaƙa ta ɗauko shi zuwa Greensboro, a zamanin da garin ke saƙa yadin jins ba dare ba rana, duniya na sawa.

A nan ya ga abin da ya tsaya masa a rai. Shi dai shuni ba ya narkewa a ruwa, taurin kai gare shi. Marinan gargajiya, na Tokushima da na Zinder duka, lallaɓa shi suke yi da toka, su jira kwana da kwanaki har baho ya tashi. Masaƙa ba ta da wannan haƙurin. Wani gishiri mai ƙarfi take zuba masa, mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ya narke nan take, a yi rini, a saki ruwan ya bi rafi. Odagiri ya je ya tsaya bakin rafin wata ranar Lahadi, bai ga kifi ko ɗaya ba. Tun daga ranar ya ɗaura aniyar nemo hanyar da za ta yi saurin masaƙa, ta kuma yi tsabtar bahon ubansa.

Neman nan ya cinye masa ƙuruciya. Masaƙar ta rufe, ya koma koyarwa. Matarsa ta rasu, ya ci gaba da zuwa aiki da abincin rana da ya koyi dafawa da kansa. A hanya ya gano abubuwa da dama waɗanda wasu suka ɗauka suka yi suna da su, ya yaye ɗalibai masu yawa, amma babban abin ya ƙi. Sai da gashinsa ya yi fari fat, hannunsa ya fara rawa har ba ya iya riƙe kwalbar awo, sannan abin ya zo, kuma a hannun Kouloussoum ya zo. Sukarin masara ne kawai, da ruwan ɗumi, da wani sinadari da shi Sensei ya ƙera. Kafin a haɗa shayi a shanye baho ya tashi, ruwansa kuma ko a lambu aka zubar ba abin da zai kashe.

Akwai al'ada ɗaya da ya taho da ita daga gidansu, duk iliminsa bai yar da ita ba. Kowane baho aka haɗa sai an tsoma yatsa tsirara a ji ɗuminsa da santsinsa kafin a kunna wata na'ura. Da hannunsa ya gaza, aikin ya dawo kan Kouloussoum. Sauran ɗalibai ba su yarda da wannan ba, safar roba suke sawa yadda doka ta ce, nasu bahon kuma yakan fito sanyi-sanyi, Sensei ya ce ƙuruciya ce, za su iya. Su kuma suna tsokanar Kouloussoum wai hannunta ya zama tuta, yatsa ɗaya shuɗi, sauran jajaye. Jan na lalle ne. Tanti Djamila, ƙanwar mahaifinta da suke gida ɗaya, ita ke yi wa amaren 'yan Nijar na garin ƙunshi, kuma duk sabon kwaɓi a hannun Kouloussoum take gwada shi, ko tana so ko ba ta so.

Aka buga sakamakon binciken, masana suka karanta. Ba a daɗe ba aka kira daga Japan, aka ce babbar ƙungiyar masana sinadarai ta can ta zaɓe shi za ta ba shi lambar yabonta mafi girma. Sun ce ta aikin rayuwa ce, amma kowa ya san wannan na ƙarshen ne ya kai shi. Jami'a ta rikice da murna. Mutanen da suka shekara suna wuce shi a baranda ba gaisuwa suka tuna ashe abokinsu ne. Aka fara shirya liyafa a kulob ɗin masu hannu da shuni na Irving Park, inda a karon farko za a ga wanda shunin nasa na gaske ne. Tanti Djamila a lokacin ta kwana biyu a Zinder wajen ganin gida, ta rangaɗa guɗa ta waya, ta ce a ajiye mata kujera a gaba.

Ana cikin haka Injiniya Dachung ya kira. Mutumin Jos ne, shi ke kula da wata ƙaramar masana'antar rini a McLeansville, can bayan gari inda gidaje ke warwatse cikin gonaki, kuma shi ya fara neman izinin gwada sabuwar hanyar a babban tanki. Hausa suke yi da Kouloussoum, tata ta Damagaram, tasa ta Filato, kowa na ganin ta ɗan'uwansa ce ta karkace.

"Dakta, ina kwana. Ki yi haƙuri, ba da labari mai daɗi na kira ba," in ji shi. "Abin nan bai yi working ba."

"Kamar yaya, Injiniya?"

"Na bi abin da kuka rubuta layi-layi. Na yi, na zubar, na sake. Shunin yana kwance a ƙasan tanki yana kallona."

Ta yi dariya, ta ce ruwan McLeansville ne, ya zo labo, ɗakin gwajinsu, ta nuna masa yadda ake yi. Ya zo. Ta haɗa baho a gabansa da ruwan da ta saba, da sukarin da ta saba, ta tsoma yatsa, suka zauna jira. Shayin da ta zuba musu ya huce, ruwan bai motsa ba. Ta sake haɗa wani, tana ta surutu irin na wanda gabansa ya fara faɗuwa. Shi ma haka ya kwanta. Dachung mutum ne mai kawaici, ya ce wataƙila sinadarin ne ya kwana biyu, ya ɗauki hularsa ya tafi.

Washegari ta buɗe sabuwar kwalba ta sake gwadawa ita kaɗai, aka koma gidan jiya. Ba ta da zaɓi, ta kama hanyar Pleasant Garden inda Sensei yake zaune. Ta same shi tsugune a bayan gida cikin 'yan kunyoyin baba, tsiron da ake yin shuni da shi, da yake nomawa don kewar garinsu. Ya saurare ta har ta gama bai ɗago kai ba.

"A hannunki ma ya ƙi?" ya tambaya.

"A hannuna ma, Sensei."

Ya miƙe da ƙyar, ya kakkaɓe ƙasar gwiwarsa. "To, zan kira su in ce ba zan karɓa ba. Kuma za mu janye abin da muka buga."

"Ai lambar ta aikinka ce gaba ɗaya, ba ta baho ɗaya ba."

"Kin san ba haka ba ne, ni ma na sani. Abin da ba ya yiwuwa a hannun wani, ban gano shi ba tukuna. Ba zan koma garinmu a tafa min a kan abin da ban gano ba."

Ta roƙe shi ya dakata, ya ba ta lokaci. Ya ce zai jira, amma ba zai bari a kai ga liyafar Irving Park ba, don ba ya son a dafa abincin mutane a banza. In ranar ta matso ba a ga komai ba, zai ɗauki waya.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne abin da bai faɗa ba. Duk sakamakon da aka buga daga hannunta ya fito. Da wani malamin ne, da tuni ya tambaye ta ko ta tabbata abin da ta rubuta shi ta gani. Sensei bai tambaya ba, ko da ido. Har mota ya rako ta, ya ba ta tumatir ɗin lambunsa a leda. Ta yi kuka a hanyar komawa, kukan haushi, don ta san ta ga abin nan da idonta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ga shi dattijo zai ajiye aikin rayuwarsa bai zarge ta da komai ba.

Makonnin da suka biyo baya ba abin da ba ta zarga ba. Ta sauya ruwa, ta sauya kamfanin sukari, ta ƙera sinadarin sabo tun daga tushe. Ta wanke kwalabe har suna ƙara a hannu. Ta tuna an gyara na'urar sanyaya ɗaki da bazara, ta sa aka kashe ta, ta yi aiki cikin gumi, ɗalibai suna harararta. Har fitilun rufi sai da ta sa wa ido. Baho ya yi kunnen uwar shegu da ita. A ofis kuwa ana ta aiko mata da tambaya wane irin kifi Farfesa yake ci, don masu liyafa suna son su burge shi.

Cikin wannan hali Tanti Djamila ta dawo, da akwatuna cike da kuka da yaji da turaren wuta da garin lalle. Ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya tana ƙare wa ɗiyar wanta kallo.

"Wannan wace irin rama ce? Kuma dubi hannunki fari tas kamar na mai takaba. Bon, gobe sunan ɗiyar Zahara, ba za ki bi ni haka ki ba ni kunya ba. Miƙo."

"Tanti, don Allah ki bar ni, raina a ɓace yake."

"A hannu ɓacin ran yake? Miƙo, na ce."

Ta miƙa. Ba a ja da Tanti Djamila, ko jami'an filin jirgi sun gwada sun bari. Ta zauna hannu ƙunshe a leda, Tanti na zayyana mata wa ya yi aure a Zinder, wa ya rasu, wa ya gina bene bai gama ba, ita kuwa hankalinta na labo. Aka yi suna, aka ci aka sha, mata suka yaba jan lallen, ta yi ta murmushin dole.

Ran Litinin da safe ta haɗa baho ba don tana sa rai ba, sai don ba ta san abin da za ta yi da kanta ba in ba shi ba. Ta tsoma yatsa yadda ta saba, ta tafi wanke kofi. Tana dawowa ƙamshin ne ya fara tarbarta, wani ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi da ta yi kewa. Saman ruwan ya yi sheƙi kamar jan ƙarfe, kumfa ta taru a tsakiya, ƙarƙashi kuma kore shar. Baho ya tashi.

Ba murna ta fara ji ba, tsoro ta ji, don ba ta san abin da ta sauya ba, kuma abin da ya zo ba dalili zai iya tafiya ba dalili. Ruwan na ran Juma'a ne. Sukarin shi ne, kwalbar ita ce. Ta dafa tebur tana bin abubuwa ɗaya bayan ɗaya a ranta, sai idonta ya sauka kan hannun da ta dafa da shi. Ta daɗe tana kallonsa.

Ta jawo kwalabe biyu ta haɗa baho a cikinsu daidai wa daida. Ɗaya ta tsoma masa yatsa cikin safar roba, ɗaya ta tsoma masa yatsa mai lalle. Ta ja kujera ta zauna a gabansu, ba ta ko ƙifta ido sosai. Na safar ya kwanta abinsa. Na lallen ya tashi.

Masaniya ce, ba ta buƙaci a yi mata bayani ba. Abin da ke ba lalle jansa sinadari ne sananne, yana cikin littattafan da ta karanta tun tana aji, kuma shi da danginsa aikinsu ɗaya ne: su karɓa daga nan su miƙa can, su dawo su sake karɓa. Sinadarin Sensei yana buɗe sukari, wannan gaskiya ne, amma abin da sukarin ya saki ba ya isa wurin shuni sai da ɗan aike. Ɗan aiken nan ta shekara tana kai shi baho a kan yatsarta ba ta sani ba, ɗan mitsitsi, kuma ya wadatar. Tanti ta yi tafiya, lalle ya goge, aiki ya tsaya. Kouloussoum ta kifa kai a tebur tana dariya har hawaye, wata ɗaliba ta leƙo ta koma da sauri.

Ta ɗaura wa kwalaben bel a kujerar mota kamar yara, ta nufi Pleasant Garden a hankali, motocin baya suna ta yi mata ham. Sensei ya sa ta ajiye su a teburin baranda. Ya saurari bayaninta, ya yago farin ƙyalle gida biyu, ya tsoma kowane a kwalbarsa. Ɗaya ya fito da datti-datti. Ɗayan ya fito kore, ya sha iska, ya fara juyewa a hannunsa har ya zama shuɗi. Ya sa tabarau, ya ce ta ɗaga hannunta ya gani, ya duba shi daga nesa bai taɓa ba.

"Ashe bayanin da na rubuta kuskure ne," in ji shi.

"Rabinsa daidai ne, Sensei."

"Ki tambayi Dachung-san tanki nawa ya zubar yana bin rabin." Amma ta ga gefen bakinsa yana motsi, yana danne abin da ke son fitowa. Ya cire tabarau ya goge. "Yatsa ba hujja ba ce. A sayo sinadarin lallen tsantsa, a auna, a san nawa ake buƙata. Sannan a ba Dachung-san ya yi a tankinsa, da safarsa. Ni da ke ba mai taɓa komai. In ya yi a can, zan karɓa. In bai yi ba, maganata tana nan."

Ta so ta ce masa wannan tsanani ya yi yawa, ta haɗiye, don ta san da ba haka yake ba da ba ta zauna a wurinsa ba. Aka sayo sinadarin, wani garin rawaya-rawaya a 'yar kwalba. Ta yi kwanaki tana auna shi, ta rage ta ƙara, har ta tsaya a kan gwargwado. A ƙananan kwalabe ya yi, har a hannun ɗaliban da aka ce ƙuruciya ke damunsu, waɗanda yanzu suke tafiya suna ɗaga kafaɗa. Amma kwalba daban, tanki daban, kowane mai wannan sana'a ya ga abin da ya yi kyau a kofi ya lalace a ganga. Liyafa kuma ta matso har an fara rabon katin gayyata.

Da hantsi suka isa McLeansville, ita ke tuƙi, Sensei na gefe cikin kwat kamar mai zuwa kotu. Masana'antar wani dogon shago ne na kwano a tsakiyar fili, tanki a ƙarshensa mai tsayin mutum, zaren auduga fari kuma jere a kan nadi yana jiran rini. Dachung ya tarbe su sanye da safa har gwiwar hannu. Ya nuna wani layin fenti a ƙasa.

"Dakta, ki tsaya bayan wannan, please. Kuma hannu a aljihu."

"Injiniya, ni ce fa."

"Saboda ke ce ɗin," in ji shi. Ya juya ya ce wa Sensei da Turanci ba zai bar ta ko numfashi ta yi kusa da tankin ba, dattijon ya gyaɗa kai da gaske.

Dachung ya auna, ya zuba, ya kunna abin motsawa. Daga nan sai jira. Kouloussoum ta tsaya bayan layi, hannu a aljihu, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Dachung yana zagaya tanki yana rera wata waƙar coci ƙasa-ƙasa, da alama shi ma tasa addu'ar ke nan. Sensei ya goya hannu a baya ya tsaya cak. Lokacin da kwalba kan tashi ya zo ya wuce, ruwan yana nan baƙi. Ta saci kallon dattijon, ta ga ya kai hannu ya shafa aljihun da wayarsa take.

"Tanki babba ne, Dakta, sai ya ɗauki lokaci," in ji Dachung, amma bai kalle ta ba da yake faɗa.

Sai waƙarsa ta tsaya. Ya sunkuya bakin tankin, ya kunna tocila, ya daɗe. Daga inda take ta ga wani sheƙi ya fara yaɗuwa a saman ruwan daga gefe, kumfa tana taruwa. Dachung ya je ya danna maɓalli, nadi ya fara juyawa. Farin zare ya nutse cikin tanki, ya fito ta ɗaya gefen kore shar, ya kama hawa sama kan ƙarafunan shan iska. Yana hawa yana sauyawa. Kafin ya kai rufin kwano ya zama shuɗi mai duhu, mai kyau, layi bayan layi, har shagon ya cika da shi.

"Na gode wa Allah," in ji Dachung a hankali.

Kouloussoum ta juya wajen Sensei tana jiran ya yi magana. Ya bi zaren da ido har sama, ya dawo da shi ƙasa.

"A zubar a sake," in ji shi.

Wallahi da ba malaminta ba ne da ta faɗa masa magana. Aka zubar, aka wanke, aka sake tun daga farko, rana ta take, kwano ya ɗau zafi. Na biyun ma ya tashi, zare ya hau ya yi shuɗi kamar na farko. Dachung ya yanko guntu ya wanke da sabulu, ya murza, ya miƙa wa dattijon. Sensei ya karɓa da hannu biyu, ya jujjuya shi a haske.

Ya ce su ba shi minti kaɗan, ya fita. Ta ƙofar shagon suna hango shi tsaye a filin ajiye motoci, shi kaɗai cikin rana, waya a kunne. A Japan dare ya yi, amma da alama an ɗauka, don sun ga yana magana, yana sunkuyawa kamar mutumin yana gabansa. Ya daɗe. Dachung ya tambaye ta ko wannan sunkuyon na karɓa ne ko na ban haƙuri, ta ce ita ma ba ta sani ba, duk iri ɗaya suke yinsa.

Ya dawo a hankali, ya tsaya gabanta.

"Na gaya wa shugaban ƙungiyar komai," in ji shi. "Na ce bayanin da muka buga yana da giɓi, za mu gyara a fili kowa ya gani. Na faɗa masa abin da ya cike giɓin, da wadda ta gano shi."

"Me ya ce, Sensei?"

"Ya ce a shekarunsa na wannan aiki ba a taɓa tashinsa daga barci don a nuna masa kuskure ba, kuma yanzu ya fi tabbata ba su yi zaɓen banza ba." Ya ɗan numfasa. "Zan je in karɓa, Kouloussoum-san."

Ta zauna kan wata ganga. Daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta, ta rufe fuska da mayafi tana hamdala. Dachung ya tuɓe safa ya kama hannun dattijon yana girgizawa, ya manta mutumin ba ƙarfi gare shi ba.

"Saura abu ɗaya," in ji Sensei bayan ya karɓi hannunsa. "Al'adarsu ce wanda aka ba lambar ya yi lacca gaban manyan masanan ƙasar. Na ce musu ni zan hau in karɓa in zauna. Laccar ke za ki yi."

Ta sauke mayafin. "Ni? Sensei, ko gaisuwarku ban iya sosai ba."

"Suna jin Turanci."

"Amma ranarka ce. Shekara nawa kana jiranta."

"Na daɗe ina magana a kan shuni, sun ji ni har sun gaji. Abin da ya rage a faɗa ba ni na gani ba." Ya dube ta sosai, abin da ba ya cika yi ba. "Ina so in zauna a layin gaba in ji ɗalibata tana gyara ni."

Da ƙyar ta ce, "To, Sensei."

Ya gyaɗa kai, an gama wannan zancen ke nan a wurinsa. Ya cusa guntun zaren a aljihun kwat, ya juya wajen Dachung, ya tambaye shi ko tankin zai ɗauki zubi na uku kafin a tashi aiki.